Abin da Inna Hairi Ta Gano a Japan

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Malanbil ya san Ummul-Khairi, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar tsohuwar nan da ke zaune kan buhu a ƙarshen layin 'yan ƙauyen Garu, wadda in ka cika matsa albasarta da babban yatsa za ta tambaye ka saye ka zo yi ko tausa. Inna Hairi ake ce mata. Tun kakanta gidansu ke fatauci a garin nan. Ta buɗe ido cikin buhunan albasa, ta yi aure cikinsu, da mijinta Malam Sa'adu ya rasu ta gama takaba ta koma cikinsu. Ta san albasar da za ta kai Kwatano lafiya da wadda za ta ruɓe tun kafin Faraku, a rabin hanya, ba sai ta yanka ba.

Wannan ita ce sana'ar da take ci da ita. Akwai ta biyu, wadda ba ta karɓar ko dala a kai. In mace ta rasu a unguwa, ita ake aika wa. Sai ta bar wa maƙwabciya rumfa, ta ɗauki butarta da ganyen magarya da ɗan ƙullin kafur, ta tafi ba gaggawa ba jan ƙafa. Wajen gwaggonta ta koya tana 'yar shekara ashirin da biyar, ga shi yanzu ta haura sittin. Ta wanke Hausawa, ta wanke Dandawa, ta wanke matan Gaya da ajali ya tsallako da su kogi suna ganin cin kasuwa suka zo. Mutane na ganin girmanta, amma ba mai son ta ƙura masa ido. Har zolaya ake yi, wai in Inna Hairi ta dube ka sau biyu, je ka nemi gafarar jama'a. Ita kuwa zancen haushi yake ba ta. Ta ce gaibu na Allah ne, ita dai ido gare ta, kuma idon da ya shekara arba'in yana ganin ƙarshen jiki dole ya gane farkon ƙarshen.

'Ya'ya bakwai ta haifa, huɗu ke raye. Na farin shi ne Abdurazak, wanda duk gari ke ce wa Dogo. Ita ba ta faɗar ko ɗaya daga cikin sunayen biyu. Inna Hairi mutuniyar dauri ce, kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta yadda matan yanzu suke ji a labari kawai. Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarsa a ƙauyen Gene. Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ba ta taɓa tambayarsa yadda ya kwana ba. Da ƙyanda ta kwantar da shi yana ɗan shekara biyar, ta hau bayan mota har Gene, ta tsaya bayan zana ta tambayi farashin dawa, ta saurari numfashinsa daga nan, ta juyo gida tana kuka a hanya. In tana da magana da shi, wani take gaya wa yana tsaye yana ji. Kada wani ya ce rashin so ne. Wanda ya faɗi haka bai san mutanenmu ba.

Dogo ya tashi a garejin gyaran mota, ya gangara Kwatano wajen tsofaffin motocin da ake saukewa daga teku, daga nan ƙafa ta kai shi har inda motocin ke fitowa. A Japan yana sayen tsofaffin injuna da kekuna yana turo wa 'yan kasuwa. Shekara goma sha tara, sau uku ya zo gida. Ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta, aka sa mata Aisha Humaira. Allah bai ba su haihuwa ba.

Bana da damina ta kankama sai ya kira Rahina, autar Inna, wadda ke aikin ungozoma. Ya ce yana son Inna ta zo ta ga ƙasa, kwana goma sha biyu, yawon buɗe ido kawai, Rahina ta rako ta. Ya riga ya shirya takardu. Maƙwabta suka yi ta barka, wasu da baki ɗaya wasu da biyu. Inna Hairi ba ta yi murna ba. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana cewa sai baɗi, me ya sa masa gaggawa cikin watan Agusta?

"Ni da ko Yamai ban taɓa zuwa ba," ta ce wa Rahina, "mi za ni gani can da ba ni gani bakin gulbi?"

Amma ta ɗaure kayanta tun saura mako.

A filin jirgin Tokiyo ta hango shi tun daga nesa, don ya fi kowa tsawo. Bisa al'ada ta kawar da kai. Sai dai kafin ta kawar, ido ya riga ya yi aikinsa. Gefen goshinsa ya faɗa. Farin idonsa ya koma ruwan ƙwai. Wuya ya yi tsawo, riga ta yi masa yawa a kafaɗa, ta matse shi a ciki. Ga shi cikin silifa, shi da ko kasuwa ba ya shiga ba takalmi sau-ciki, ƙafafun kuwa sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Gabanta ya faɗi, faɗuwar da ba ta taɓa ji a ɗakin gawa ba.

Ya durƙusa da ƙyar. "Inna, sannu da hanya."

Ta dubi ƙanwarsa Rahina. "Ki ce ma wanki mun iso lahiya."

Humaira, siririya mai ɗan ƙaramin ɗankwali, ta sunkuya har kusan gwiwa ta ce, "Inna, ina wuni," da safiyar Allah. Hausarta ke nan duka, sai na gode da sannu. Inna ta kama hannunta, ta ji shi sanyi da gumi.

Daga nan aka shiga yawo, Inna kuma ta shiga da tambaya ɗaya a maƙogwaro: me ke cin ɗanta, kuma kwana nawa suka rage masa? Bakinta ba zai iya fitar da ita ba, shi ma ba zai faɗa ba.

Tokiyo ta ba ta mamaki, ba ta musu. Ta yaba da cire takalmi a bakin ƙofa, ta yaba da makewayi mai ruwan tsarki a jikinsa, ta ce waɗannan saura kaɗan su yi salla. Zafin ne ba ta yarda da shi ba. Ta ce namu zafi na gaskiya ne, ya ƙona ka ya bar ka, nasu kuwa kamar an kife ka da murfin tukunyar dambu. A wani kanti ta ga albasa ɗaya tal an naɗe ta a leda an sa mata lamba, ta ɗauka ta juya ta, ta ce wannan ko kyauta aka ba ta ba ta kai ta kasuwar Kandi.

Shirun ne ya fi damunta. Jirgin ƙasa maƙil da mutane, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba sallama, ba mai tambayar wani gajiya. Ita a saninta wuri ɗaya ake tara mutane da yawa haka su yi tsit, kuma can ake kiranta aiki. Yara ma ba ta gani sosai ba, tsofaffi ne ko'ina, suna shara, suna tuƙa tasi. Waje kuwa wasu ƙwari ne a kan itatuwa, sun fi gyare girma, suna kuka tun safe har kunne ya ɗauki zafi. Rahina ta tambaya aka ce 'yan kwanaki kawai suke yi a duniya. Kowace safiya sai Inna ta ga sababbi a gefen hanya sun yi rigingine.

Sannan ga alƙibla. Da ta shimfiɗa sallaya ta fuskanci inda rana ta fito, sai Dogo ya ce wa Rahina ta gaya wa Inna a nan yamma ake fuskanta, don sun wuce Makka. Ta juya, ta yi sallarta tana kallon mafaɗar rana, zuciyarta na gaya mata ta zo ƙasar da komai ya juya baya.

Ya kai su wata hasumiya da ake ganin gari har ƙarshen ido. Rahina ta yi ta ɗaukar hoto. Inna ta tsaya jikin gilashi kamar mai kallon gidaje, alhali inuwarsa take kallo a ciki. Yana bayansu zaune kan benci, hannu a haƙarƙarin dama, Humaira na miƙa masa ƙwayoyi a ɓoye.

Rana ta huɗu suka hau jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya zuwa Kiyoto. Gonakin shinkafa suka riƙa wucewa kore shar, a jere kamar an auna da igiya. Dogo ya ce, yana kallon taga, "Rahina, ki tambai Inna, na Garu sun kai wanga?" Inna ta ce a gaya masa shinkafar da ba miya ko ta kai sama ba ta ƙosar da ita. Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya daɗe.

A Kiyoto masaukin na gargajiya ne, ƙasa duk tabarma, ƙofofi na takarda. Da la'asar bayan wanka aka kawo musu wata doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba da ɗamara, irin wadda baƙi ke sha iska da ita. Inna ta zura a kan kayanta. Ba ta tambayi kowa ba, hannunta ya yi abin da ya saba: ta kwantar da gefen hagu, ta rufa na dama a kai, ta ɗaure. Ta fito zaure inda suke zaune.

Humaira na ganinta ta saki kofin shayi. Ta taso da sauri, ta durƙusa gaban Inna, ta kwance ɗamarar, ta juya rufin, hagu a kan dama. Tana yi hawaye na zuba kan tabarma. Rahina ta matsa wa yayanta da tambaya. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, a ƙasar nan gawa kaɗai ake rufa wa dama kan hagu.

"To mu ma haka na," in ji Inna, tana duban bango.

Ta san kukan nan ba na riga ba ne. Matar da ke kuka don tsohuwa ta ɗaura tufa a karkace, ta daɗe da kuka a cikinta tana neman ƙofa.

Washegari aka yi ta hawa da sauka a gidajen bauta, wani da ruwan zinariya, wani da jajayen ƙofofi jere har kan dutse. Dogo yakan tsaya a gindi ya ce shi ya gani sau goma, su hau. A bayan wani gidan bautar Inna ta ga mutane da bokitai da furanni suna wanke wasu dogayen duwatsu masu rubutu. Rahina ta ce maƙabarta ce, makon ziyarar matattu ake ciki. Inna ta tsaya. Ta shiga tsakanin duwatsun tana aunawa da tafin ƙafa. Daga wannan zuwa wancan ko taku uku babu.

"Rahina, ina mutum ka kwanciya nan? Ko jinjiri ba shi shiga wurin ga."

Rahina ta je ta tambayo, ta dawo fuskarta ta canza. Ta ce ba a kwantar da kowa. Ƙona su ake yi, a zuba ƙasusuwa da toka a ɗan tulu, a sa ƙarƙashin dutse. Gida guda, dutse guda.

"Kowa da kowa?"

"Kusan kowa, Inna."

Inna Hairi ta nemi gefen dakali ta zauna. Tun daga filin jirgi take tsoron mutuwa, amma mutuwa tsohuwar abokiyar aikinta ce, ta san yadda ake zama da ita. Wannan wani tsoro ne dabam. Ita da ta wanke 'ya'yan mutane ba adadi, ta toshe musu kunne da auduga don kada ruwa ya dame su, a ce nata ɗan a tura shi cikin wuta kamar tubali? Can nesa Dogo na zaune a inuwa, ya rufe ido, ƙwarin nan na ta kuka a kansa. Ranar ba ta ci komai ba.

Sauran garuruwan a mafarki ta bi su. A Nara barewa ce ke yawo cikin mutane tana sunkuyar da kai don a ba ta biskit, Rahina ta yi ta ƙyaƙyata, Inna ta ce naman da ya daina tsoron mutum ba lafiya ba. A Osaka fitilu da hayaniya da ƙaurin suya suka ɗan tuna mata da ranar kasuwa. Can ne wayoyin mutane duka suka ɗau ƙara lokaci guda, aka ce gargaɗi ne, mahaukaciyar guguwa na tahowa daga teku. Sama ta yi ruwan toka, iska ta tsaya cak. Mutanen garin suka shiga ɗaure tukwanen furanni da kekuna ba hayaniya, da gani sun saba jiran abin da ba su iya hanawa.

Kwana biyu guguwa ta tsare su a masauki. Nan Inna ta kama Rahina a ɗaki.

"Ke da kika yi karatun likita, ba ki da ido?"

Rahina ta fashe da kuka. Ashe ta sani tun rana ta biyu, Humaira ta nuna mata takardun. Hanta ce, ta riga ta ci ƙarfinsa. Likitoci sun ce watanni, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ya roƙe ta kada ta gaya wa Inna, a bar ta ta ga ƙasa da daɗin rai.

"Tahi ki ce mashi shi ɗaure kayanai. Tare za mu koma."

Rahina ta je ta dawo. Ya ce likita ya hana shi jirgi, jikinsa ba zai ɗauki tafiyar yini da kwana a sama ba.

"To ki ce mashi..." Yaya uwa za ta aika wa ɗanta cewa kada ya bari a ƙona shi? Ta ce a bar shi kawai. Ruwa ya yi ta dukan taga har washegari.

Da suka koma Tokiyo saura kwana biyu, sai Dogo ya ce akwai wuri ɗaya da ya rage. Jirgin ƙasa ya bar gari da su, ya shiga tsakanin duwatsu, suka sauka a wani ƙauye mai gonakin inabi, tasi ta hau da su kan tudu. Babu masu ɗaukar hoto, babu mai sayar da tsaraba. Inna na fitowa ta ga tudun ƙasa dogaye, tsawon mutum, a jere, da alluna masu rubutun Larabci. Ba sai an gaya mata ba.

Ya tsaya dafe da ƙofar mota, yana magana da Rahina da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce wannan wurin na Musulmi ne, nan ba a ƙona kowa. Ya ce duk wanda ya yi rajista a masallacinsu yana da wuri, an rubuta, hukuma ta sani. Haka ya faɗa, kamar mai bayanin wata hasumiya.

Inna ta tuɓe takalmi ta yi sallama ga mutanen wurin. Ta durƙusa ta ɗebi ƙasa ta murza. Baƙa ce, mai danshi, tana kama jikinta, ba irin rairayinmu da ke ruftawa tun ana haƙa ba. Ta duba gangaren ruwa, ta ga ba ya bi ta kan kaburbura. Ta duba kwanciyarsu, gabanta ya sake faɗuwa don fuskokin na duban yamma, sannan ta tuna. A ranta ta ce wanda ya kwanta nan yana duban Makka, bayan Makka kuma gida. Ta taɓa zama a gidan da aka kawo gawa cikin akwati daga Turai bayan mako uku a ƙanƙara, ba ta yi wa ɗanta fatan wannan. Tsoron da ya kama ta tun Kiyoto ya ɗan sauka, amma bai sauka duka ba.

"Ki tambai wanki, wa ka wanka?"

Ya ce 'yan'uwa ne na masallaci, 'yan Pakistan da Indonesiya, mutanen kirki, suna zuwa in sun tashi aiki.

"Sun san shi?"

"Muna gaisawa ran Juma'a," ya ce.

Ta san hannun da ya zo daga aiki a gajiye zai yi farilla ya wuce. Ta kuma san abin da malamanmu suka ce: uwa ba ta wanke ɗanta namiji in akwai maza, amma matarsa ta fi kowa haƙƙi. Duk hanyar komawa Humaira take kallo, musamman hannuwanta.

Safiyar ranar ƙarshe Dogo na da ganin likita. Inna ta ce Rahina ta raka shi, a bar mata surukarta ta taya ta ɗaure kaya. Suna fita ta rufe ƙofa. Gidan ɗaki biyu ne, ko rumfarta ta kusa fin falon faɗi. Ta ture tebur gefe, ta cire zanen gado, ta ɗauko butar shayi babu ruwa a ciki, da tawul ƙarami. Ta kira Humaira da hannu.

Da farko ta gwada a kan matashi, ta ga ba ya yi, matashi ba shi da haɓa ba shi da gwiwa. Sai ta miƙe ta kwanta rigingine a kan tabarma, ta ja zanen daga ƙirji zuwa ƙafa, ta rufe ido, ta saki jiki. Ta ji numfashin Humaira ya tsaya. Ta ji ta ja da baya har ta bugi bango, tana wata magana da yarensu, kalma ɗaya tana maimaitawa.

Inna ta buɗe ido. Ta nuna silifan Dogo na cikin gida da ke bakin ƙofa, ta nuna kanta a kwance, ta nuna hannun Humaira. Suka dubi juna. Yarinyar ta daɗe a jikin bango, sannan ta matso da gwiwa.

Inna ta kama hannunta ta ɗora a kan fatar idonta, ta ja ƙasa a hankali. Ta nuna mata ɗaurin haɓa, da yadda ake lanƙwasa gaɓoɓi kafin su sandare. Ta naɗe mata tawul a hannun hagu ta tura shi ƙarƙashin zane, ta girgiza kai da Humaira ta so ɗaga zanen: ba a buɗewa, ko miji ne. Ta nuna matsa ciki, sannu sannu. Sannan alwala, baki da hanci da tsumma, fuska, hannuwa, kai. Sannan a juya, dama tukuna, hagu daga baya. Ta ɗaga yatsu uku. Humaira na karkata butar da ba ruwa, hawayenta na ɗiga a wuyan Inna.

Sau ɗaya Humaira ta juya ta da ƙarfi, don tsoro ya sa ta gaggawa. Inna ta buge mata hannu kamar yadda gwaggonta ta taɓa buge nata.

"Sannu," ta ce. Wannan kalmar Humaira ta san ta. "Sannu. Shina ji."

Suka gama suka sake. A zagaye na biyu hannun ya daina gaggawa. Inna ta ji yadda yatsun ke tallafe ƙeyarta kafin su ajiye, ba ta koya mata wannan ba, ta ce a ranta yarinyar nan za ta iya.

Suna cikin na uku aka murɗa ƙofa. Likitan bai riƙe su ba, Rahina kuma ta tsaya kanti a ƙasa. Dogo ne shi kaɗai. Inna ba ta buɗe ido ba, amma ta san jan ƙafarsa. Ta ji ya tsaya. Ta san abin da yake gani: uwarsa a miƙe ƙarƙashin farin zane, matarsa durƙushe da buta a hannu. Ƙwarin nan na ta kuka a waje.

Can ya zame ya zauna a bakin ƙofa.

"Inna. Allah shi saka da alheri."

Babu Rahina da za a ba saƙo, Humaira kuwa ba ta jin Hausa. Inna Hairi ta san haka sarai. Ta juya fuskarta wajen surukarta, idonta a rufe, ruwa na gangarowa cikin kunnenta.

"Ki ce mashi na yahe mashi duniya da lahira. Ki ce mashi kada shi ji tsoro, hannunki na da kyau." Ta gyara kwanciya. "Shi ja ƙohwa, ba mu gama ba."

Ya ja ƙofar a hankali. Humaira ta share fuska da gefen ɗankwalinta, ta ɗauki buta, ta tallafi kafaɗar Inna, suka soma daga dama.